Faɗuwar Kubra a Bakin Kanal

Sammani bai taɓa jin Inna Kulu ta ce masa a'a da gaske ba sai ranar nan. Shi ne autanta. Tun rasuwar mahaifinsa su biyu suka rage a sashensu, shi ya yi noman rani ya kawo, ita ta dafa su ci, in ma za ta hana shi abu cikin wasa take hanawa. Amma ranar da ya dawo daga gona da hantsi ya same ta tana tsintar shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce masa maganar Kubra ta mutu. Ta ce ya je ya shaida wa Baffa Hammadu kada ya wahalar da kansa ranar Juma'a.

Juma'ar nan ce aka tsayar Baffa, ƙanen mahaifinsa, zai tsallaka kanal, magudanar ruwan noman rani, da goro ya nema masa auren Kubra a wurin yayanta Datti. Saura kwana uku.

Sammani ya durƙusa a gefen tabarma, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya tambaye ta a hankali ko wani laifi Kubra ta yi.

Inna ta ce babu laifin da ta yi, yarinya ce mai ladabi, wannan ko wanda ba ya sonta ya shaida. Ta tuna masa cewa da ya zo da maganar bazawara, ba ta ce komai ba. Da aka ce ta girme shi da shekara biyu, dariya ta yi. Da aka ce ciwon daji ya kama ta a nono har likitocin Zariya sun cire guda, mijinta na fari kuma ya sake ta tana kwance, ta kwana biyu tana juya abin a ranta, daga baya ta ce jarrabawa ce, kowa da tasa. Har gaban Baffa Hammadu ta tsaya masa, shi da ya so a haɗa Sammani da 'yarsa Sa'adiya a yi auren zumunci.

Ta ajiye faifan ta dube shi.

"Amma farfaɗiya, Auta, ba zan iya ba."

Ya ce Kubra ba ta da farfaɗiya. Inna ta ce to ita ba ji ta yi ba, gani ta yi. Na farko ranar kasuwar Bunkure, sun yi kiciɓis a kan hanyar bakin kanal, yarinya tana tafe lafiya lau, sai kawai ta yi luuu ta gangara kamar an hankaɗe ta. Na biyu a matakalar da mata ke wanki, nan har cikin ruwa ta zube, zaninta ya jiƙe sharkaf. Na uku jiya jiyan nan, a gaban yayarsa Sa'a, a bakin ƙaramar gada. Sau uku, kuma duk a bakin ruwa. Wa bai san cewa mai farfaɗiya in ya ga ruwa yana ƙyalli abin yake taso masa ba?

Sammani ya tambaya ko ta ga kumfa a bakinta, ko ta ga tana shure-shure. Inna ta ce fuskarta a rufe take da mayafi, ta ina za ta gani, kuma wa yake tsayawa leƙen mai wannan ciwo, alhali yawunsa kaɗai ya isa ya shafa wa mutum. Ta ce ya yi tunanin murhu. Ya yi tunanin jariri a goye. Ya yi tunanin kwano ɗaya da za su riƙa sa hannu ita da surukarta. Ba ƙin yarinyar take ba, kuma shi ma ya san haka.

Gardama ba halin Sammani ba ce. Mutum ne da in ka faɗa masa magana da safe sai la'asar za ka ji amsarta. Ya roƙe ta abu ɗaya, ta bar shi zuwa ranar Alhamis kafin ya je wurin Baffa. Ta ce ko zuwa baɗi ne maganar ɗaya ce, amma ta bar shi.

*

Da aka yi la'asar ya hau kekensa ya bi bakin kanal. Tun da aka kawo ruwan madatsar Tiga aka yanka ƙasar nan gida gida, hanyar bakin ruwan ta zama ita ce titin kowa. Faɗinta bai wuce na tabarma ba. Hagu ruwa ne yana tafiya a hankali, dama gangara ce zuwa gonakin alkama da tumatir da albasa. Yau da ya dube ta da idon tunani sai ya ga ashe hanya ce mai wuyar faɗuwa.

A zauren Datti ya jingine keken, aka yi masa sallama da Kubra.

Ta fito tana dafa bango, idonta na kan ƙafafunta, kamar yadda take yi tun dawowarta daga asibiti. Sai da ta zauna sannan ta ɗago ta dube shi. Ta ce wannan wandon nasa ko dashen shinkafa aka yi a jikinsa zai kama, irin taɓon da ya kwaso. Da wata rana ce da ya rama, ya tambaye ta ko har yau ba ta tsinci allurar da take nema a ƙasa ba, don haka suka saba. Yau kuwa murmushi kawai ya yi, nan take ta gane da magana.

Sau shida Datti ya kai ta Zariya bayan aikin da aka yi mata, duk zuwa a ɗaura mata ruwan magani a jijiya. Maganin ya sa ta amai har ta fita kamanninta, gashinta ya zube, harshenta ya daina jin gishiri. Duk waɗannan sun wuce da damina. Gashi ya tsiro, cin abinci ya dawo, har ta koma dafa wa 'yan tsinkar tumatir ɗanwake a gonar yayanta, inda Sammani ya fara ganinta. Tafiyarta ce kawai ba ta dawo yadda take ba. Shi dai ya ɗauka rashin ƙarfi ne na wanda ya sha jinya, bai taɓa tambaya ba don kada ta ji nauyi.

Ya faɗa mata abin da Inna ta ce, bai rage ba, bai ƙara ba. Ta riƙa murza bakin tabarma. Hawaye suka taru suka gangaro, ba ta share ba.

Can ta ce, "Ba ruwa ne ke kayar da ni ba, Malam. Tafin ƙafata ne ba ya jin ƙasa. Kullum kamar a kan buhun auduga nake tafiya. In ina ganin inda na sa ƙafa, to na san inda take. In ban gani ba, ban san ko a ƙasa take ko a iska ba."

Ta ba shi labarin wata nas, dattijuwa, da ta zaunar da ita ranar da za a sallame ta. Ta ce mata maganin da ke kashe dajin yakan taɓa ƙananan jijiyoyin da ke ƙarshen ƙafa da yatsu, shi ya sa take jin su a mace, wani lokaci kuma kamar ana tsira mata allura. Wata tana warwarewa a hankali, wata kuma yakan zauna mata. Ta gargaɗe ta kada ta yi tafiya a duhu, kada ta ɗora kaya a ka tunda mai kaya a ka ba ya duban ƙasa, kada ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, kada ta yi yawo babu takalmi, in za ta durƙusa ta nemi abin dafawa. Har sanda ta ce ta riƙa riƙewa, amma Kubra ta ce wannan kam sai ta tsufa.

Sammani ya sunkuyar da kai yana juya maganar. Yana tunanin kasuwar Bunkure, inda ya sha ganinta tana kutsawa cikin mutane ba ta faɗi ba. Yana tunanin gonar Datti, inda take bin tsakanin fangali da kwano a hannu ba ta faɗi ba. Sau uku ta faɗi, biyu a gaban Inna, ɗaya a gaban Yaya Sa'a. Sai ya tuna abin da kowace mace mai tarbiyya a ƙasar nan take yi in ta haɗu da uwar wanda ke nemanta a hanya. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ratse zuwa can gefe. Ta ɗaga ƙafa ta zare takalmi. Ta durƙusa ta gaishe ta.

Babu ko ɗaya a ciki da nas ɗin nan ba ta hana ba. Kuma gefen hanyar bakin kanal, in ba ruwa ba sai gangara.

Ya ɗago ya dube ta.

"Kin san abin da ke kayar da ke, Kubra?"

"Na sani."

"Kuma kika sake, har sau uku?"

"Mahaifiyarka ce, Malam. In tsaya mata ƙiƙam da takalmi, ido cikin ido, kamar wadda aka rena a tasha? Nono aka yanke mini, ba a yanke mini kunya ba."

Ya juya yana duban keken nasa kamar yau ya fara ganinsa.

Ta ce faɗuwar ba ita ta fi yi mata ciwo ba. Ranar matakalar wanki mata sun fi goma a wurin, waɗansu tare suka yi wasan ƙasa, amma da ta zube sai ta ji kowa ya ja da baya. Ita kaɗai ta lalubi siminti ta fito. Tun ranar ko kofin ruwa aka ba ta a wani gida, sai ta ga an ware shi daban. Ba ta ga laifinsu ba, ta ce, tsoro ne. Ta kuma ce ya haƙura ya bi maganar Inna, kada ya saɓa wa uwa saboda macen da ko ita ba ta san kwana nawa ciwonta ya ara mata ba.

"Sa'adiya lafiyayya ce. Za ta ɗauko maka tulu daga kanal har gida ko ɗigo bai zuba ba."

"Ruwa ai shi ne aikina, Kubra. Da shi nake wuni. In tulu ne ni zan ɗauko."

"Namiji da tulu a ka? A yi da kai daga Kura har Bunkure."

"A yi. Dama ba a taɓa yi da ni ba, in ji yadda abin yake."

Ta yi dariya hawaye na zuba, ta rufe baki da gefen mayafi. Ya roƙe ta in ta sake haɗuwa da Inna ta bar fuskarta a buɗe, ta gaishe ta a tsaye, sau ɗaya tak. Ta girgiza kai. Ta ce hannunta da kansa yake kai wa mayafin, kuma gara a ce mai farfaɗiya ce da a ce mara kunya ce. Ta kuma roƙe shi kada ya faɗa wa Inna ta yadda za ta ji kamar ita ake ɗora wa laifi.

Ya ce zai san yadda zai yi. A zuciyarsa kuwa bai sani ba.

*

Kashegari da azahar ya tarar da Inna a tsakar gida tana yanka tumatir na kauɗa, wanda aka rasa masaya a bakin titi. Ta naɗe ƙafa ɗaya ta zauna a kanta, kamar yadda takan yi in aiki ya yi yawa. Sammani ya tsaya ya dubi zaman nata. Sai ya samo wuƙa ya zauna yana taya ta.

Ya ja ta da hira. Ya tambaye ta yadda garin yake kafin a haƙa kanal, lokacin da in an gama girbi maza ke tafiya cin rani, gari ya rage daga tsofaffi sai awaki. Ya tambaye ta yadda mahaifinsa ya nemi aurenta. Wannan labari Inna ba ta gajiya da shi. Ta ba shi na jakin aro da ya kayar da marigayin a ƙofar gidansu, ta ba shi na kakarsa mai faɗa, ta yi dariya, ta share ƙwalla, ta ci gaba. Kwando ya ƙare suka jawo wani, ita dai tana nan zaune a kan ƙafar.

Da ya ga an jima sosai, sai ya dubi bayanta ya ce, "Inna, akuya ta hau shanyarki."

Ta yunƙura ta miƙe da sauri. Ƙafar da ta danne ta ƙi ɗaukarta, ta yi tangal tangal, ta kai hannu ta cafke kafaɗarsa, wuƙa ta yi can. Ta waiga, babu akuya babu dalilinta.

"Yaya kike jin ƙafar, Inna?"

"Ja'iri. Ta mutu mana. Ko ƙasa ba na ji."

"To taki yanzu za ta saki. Ta Kubra wata takwas ke nan ba ta saki ba."

Yana riƙe da ita ya faɗa mata sauran, a hankali, yadda Kubra ta faɗa masa. Ya ce ta gwada a yadda take ɗin nan ta rufe fuska da mayafi, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta cire takalmi, ta durƙusa, ta ga inda za ta tsinci kanta.

Inna ta zauna tana matsa ƙafarta. Ta kai masa duka da faifai a baya, ta ce ita zai mayar abin wasa da furfurarta. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin macen da kunya ke kayarwa ba, kuma soyayya tana sa yaro ya yarda da kowace magana. Ya ce haka ne. Ya ɗauko mata wuƙarta, suka ci gaba da yanka.

Can ta tambaya, ba tare da ta dube shi ba, ko yarinyar da bakinta ta ce saboda ita take rufe fuska. Ya ce ta ce kada ma ya faɗa. Inna ta ɗauki wani tumatir ta daɗe tana juya shi a hannu kafin ta yanka.

Har aka yi magariba ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake tuna masa zuwa wurin Baffa ba.

*

Alhamis ce ranar da yake ban ruwa a gonarsa. Da sanyin safiya ya jera bututunsa a bakin ƙaramin kanal, ya toshe bakin kowane da tafin hannu ya zuƙo ruwa ya kwantar da shi cikin fangali. Alkamarsa ta kai ƙugu, ta fara fitar da kai. Yana sunkuye yana gyara wata kunya da ta ɓalle sai ya hango mace tafe a kan hanyar bakin ruwa, daga wajen garinsu. Tafiyar ya gane tun kafin fuskar. Inna ce, wadda ba ta da gona a nan, ba ta kuma da wanki.

Ya waiga ɗaya ɓangaren. Ga Kubra can ta tsallako ƙaramar gada, da kwanon ɗanwake ɗaure cikin tsumma a hannu ɗaya, buta a ɗayan, idonta a ƙasa, za ta gonar Datti kamar kullum.

Ya duƙa cikin alkamar ya yi lamo. Inda za su haɗu bai fi taku ashirin daga inda yake ba, kuma a matakala akwai mata uku suna wanki.

Kubra ba ta ga Inna ba sai da suka kusa. Ta ja ta tsaya cak. Sammani ya ga ta ajiye buta, hannunta ya tafi wajen mayafi, ƙafarta ta fara ratsewa gefen ruwa. Ya dafa ƙasa zai zabura.

"Tsaya nan inda kike. Kada ki taɓa mayafin nan."

Muryar Inna ce. Hannun Kubra ya tsaya a iska.

Sai Inna ta juya mata baya. Ta ja nata mayafin ta rufe fuskarta ruf, ita da ta haifi wanda ake jin kunyar dominsa.

"To ga shi, ba na ganinki. Taho da takalminki, kina duban ƙafarki. Ki zo nan kusa da ni."

Masu wanki suka daina dukan tufafi. Kubra ta ɗauki butarta ta taho, taku ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana ƙyalli a gefenta, har ta iso bayan Inna. Ko tangaɗi ba ta yi ba. Inna ta ce ta dubi ruwan, ta dube shi sosai, kada ta ɗauke ido sai ta ce. Kubra ta tsaya tana duban kanal. Wani ganye ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Kubra tana nan tsaye.

Inna ta yaye mayafinta ta juyo. Ta kama hannun Kubra, ta ce ta dafa kafaɗarta ta zauna, suka zauna a gefen hanya. Ta jawo ƙafar yarinyar ta ɗora a cinyarta, Kubra tana ƙoƙarin janyewa tana cewa don Allah Inna, ita kuwa ko a jikinta. Ta zare takalmin, ta ce ta kau da kai. Ta tsinko ƙaya a jikin wata 'yar bagaruwa ta tsira mata a babban yatsa, ta sake tsirawa a dunduniya, har jini ya ɗan tsattsafo.

Kubra tana can tana duban gonaki, tana jiran a fara.

Inna ta daɗe tana duban ɗigon jinin nan. Ta shafe shi da babban yatsanta.

"Allah sarki. Ba ki ji ba ko?"

"Ban ji komai ba, Inna."

"Sau biyu kika faɗi a gabana, ko hannu ban miƙa miki ba. Ki yafe ni, 'yar nan."

Kubra ta fashe da kuka, tana cewa ba ta yi mata komai ba. Inna ta ɗauki butar ta ba ta ta sha, ta karɓa ita ma ta kafa baki a inda Kubra ta sha, a gaban masu wanki. Ta dube su ta tambaya ko sabulunsu ne ya ƙare. Nan da nan aka ci gaba da dukan tufafi.

Daga nan suka rage murya, Sammani ya daina jin komai. Ya dai ga Inna ta yi tambaya tana nuna ƙirjinta, Kubra ta ba da amsa doguwa. Ya san amsar, don shi ma ita aka ba shi: likita bai ce ciwon ya tafi ke nan ba, cewa ya yi ta riƙa dawowa duk wata uku. Inna ta sake wata tambayar, ta dafa cikinta. Wannan karon Kubra ta sunkuyar da kai ta buɗe tafin hannunta biyu, alamar ba ta sani ba. Inna ta daɗe tana duban ƙafar da ke cinyarta. Sammani ya san Kubra ba za ta yi ƙarya don a aure ta ba, ya kuma san yadda Inna ke son ta goyi ɗan autanta kafin ta bar duniya.

Inna ta mayar mata da takalmin da hannunta, ta miƙe, ta ɗaga ta tsaye, ta miƙa mata kwanonta. Ta ce ta tafi kada ɗanwaken ya huce ma'aikata su zage ta. Ta tsaya tana kallonta har ta gangara gonar Datti.

Sannan ta juyo ta kama hanyar gida. Da ta zo daidai alkamarsa ta tsaya, ba ta ko dubi wajen ba.

"Fito, Auta. Tun ɗazu nake ganin hularka. Ga ruwa can ya cinye maka fangali uku."

Ya miƙe da taɓo har gwiwa. Gaskiya ne, ruwa ya tsallake kunya ya malale har gonar maƙwabci. Bai je ya gyara ba. Ya hauro ya tsaya a gabanta, hula a hannu.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Idonta ya yi ja, amma bakinta yana son ya yi dariya. Ta ce maganar haihuwa ta Allah ce, kwana ma nasa ne, ita kanta ba ta san wa zai riga wani ba tsakaninta da yarinyar. Ta ce Baffansa zai yi tsalle ya dire saboda Sa'adiya, wannan ya bar ta da shi, yau za ta same shi kafin ya fita masallaci.

Ta yi taku biyu, ta sake tsayawa.

"In ka tashi daga nan ka ari diga. Dokin ƙofar ɗakin nan naka ya yi tsayi da yawa. Ka fasa shi ya koma daidai da ƙasa kafin ta tare, ba na son in ji ta yi tuntuɓe a gidana."